Filin Amsa Tambayoyi: Sunayen Aƙidu da Abin da Suke Nufi

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa sun taru a kan sunayen da ake laƙaba wa aƙidu na addini da na falsafa, waɗanda mutane ke ji a wa'azi ko su gani a rubuce ba tare da an fayyace musu ma'anarsu ba. Aikin wannan fili shi ne bayyana abin da kowane suna yake nufi, da tambayar da ta haife shi, da wanda ya fara laƙaba shi. Yanke hukunci a kan imanin wani mutum kuwa hurumin malaman fatawa ne, kuma ba za mu shiga cikinsa ba.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni dattijo ne, kuma jikokina sun matsa mini da tambayar bambancin mazhaba da aƙida da ɗariƙa da firƙa. Ina so a rarrabe mini su yadda zan iya mayar musu da bayani.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Kowace daga cikin kalmomin nan huɗu tana amsa tambaya ce daban, shi ya sa mutum ɗaya zai iya ɗaukar uku daga cikinsu a lokaci guda ba tare da wani saɓani ba. Mazhaba tana amsa tambayar yadda ake aikata ibada da mu'amala, kamar abin da ke warware alwala ko sharuɗɗan ciniki, kuma sanannun mazhabobin Ahlus Sunna huɗu ana jingina su ga Abu Hanifa wanda ya rasu a shekara ta 150 bayan Hijira, da Malik (179), da Shafi'i (204), da Ahmad bin Hanbal (241). Aƙida tana amsa tambayar abin da zuciya za ta ƙudurta game da Allah da siffofinsa da annabci da ƙaddara da lahira, kuma a nan ne ake jin Ash'ariyya, mabiya Abul Hasan al-Ash'ari wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 324, da Maturidiyya, mabiya Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙandi wanda ya rasu a 333, da kuma Asariyya waɗanda suke tsayawa a kan zahirin nassi suna ƙin zurfafa muhawarar ilimin kalam, wato ilimin kare aƙida da hujjar hankali. Ɗariƙa ita kuma hanya ce ta tarbiyyar zuciya a hannun shehi, da wuridi da silsila, kamar Ƙadiriyya da ake jinginawa ga Shehu Abdulƙadir Jilani da Tijjaniyya da ake jinginawa ga Shehu Ahmad Tijjani. Malamin Fas Ibn Ashir ya haɗa ukun a farkon waƙensa na koyar da addini, inda ya ce zai bi aƙidar Ash'ari da fiƙihun Malik da hanyar Junaidu, babban shehin sufaye.

Firƙa ce ta bambanta da sauran, domin da wuya a samu wanda yake kiran jama'arsa da ita. Kalma ce da marubutan tarihin aƙidu suka yi amfani da ita ga ɓangarorin da suke ganin sun rabu da babbar jama'a, kamar Hawarijawa da Murji'a da Mu'utazila, kuma da yawa daga cikin marubutan nan sun tsara littattafansu ne yadda adadin zai dace da hadisin da ya ce al'umma za ta rabu kashi 73. Ya kamata a riƙa tuna cewa marubuci kamar Abdulƙahir al-Bagdadi, wanda ya rasu a 429, shi kansa ɗan ɓangare ne a muhawarar, saboda haka abin da ya faɗa a kan abokan hamayyarsa maganar mai ƙara ce, ba ta wanda ake ƙara ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a jami'a. A darasin falsafa an gaya mana cewa wanda ya ce babu Allah daban, wanda ya ce bai sani ba daban, wanda kuma ya yarda da Mahalicci amma ya ƙi annabawa shi ma daban. Ni kuwa a sanina duk mulhidai ne. Wanne ne daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, malaminka ya yi daidai ta fuskar ma'ana, ko da yake a ma'aunin Musulunci ko na Kiristanci babu ɗaya daga cikin ukun da ake lissafawa cikin masu imani. Amfanin rarrabewar shi ne cewa hujjar da za ta kama ɗaya ba za ta taɓa ɗayan ba, kuma wanda ya tashi tabbatar da samuwar Mahalicci ga mutumin da dama ya yarda da Mahalicci ya ɓata lokacinsa ne kawai.

Na farkon shi ne ake kira mulhidi a yau, wato wanda ya yanke cewa babu Mahalicci. Wannan ma'ana sabuwa ce idan aka kwatanta da shekarun kalmar, domin ilhadi a tsohon amfani karkacewa ce daga hanya, kuma da wannan ma'ana ta zo a aya ta 180 ta Suratul A'araf game da masu karkatar da sunayen Allah. Malaman farko suna iya kiran mai wata bauɗaɗɗiyar fassara mulhidi alhali yana salla. Idan suna nufin wanda ya musanta Mahalicci gaba ɗaya, kalmar da suka fi amfani da ita ita ce dahriyya, daga dahar, wato zamani, suna ɗauko ta daga aya ta 24 ta Suratul Jasiya, inda aka ambaci masu cewa babu abin da ke halaka su sai zamani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kasa masana falsafa gida uku a kan wannan ma'auni: dahriyyun da suka ce duniya ba ta gushe ba tana nan da kanta ba tare da mai yi ba, da ɗabi'iyyun da binciken jikin dabbobi da tsirrai ya tilasta musu yarda da Mahalicci mai hikima amma suka musanta tashin alƙiyama, da ilahiyyun irin su Aflatun da Aristo waɗanda suka yi magana a kan Allah da hujjar hankali.

Na biyun Larabawa suna kiran matsayinsa la'adriyya, daga la adri, wato ban sani ba. A Turai masanin halittu ɗan Ingila Thomas Huxley ne ya ƙirƙiro masa sunan agnostik a shekarar 1869, kuma abin da yake nufi magana ce a kan iyakar sani: bai ce babu Allah ba, cewa ya yi kada mutum ya yi da'awar yaƙini a kan abin da ba a nuna shi da hujja ba, ko tabbatarwa ce ko korewa. Malaman kalam sun riga sun san kalmar la'adriyya ƙarnuka kafin haka, sai dai su suna nufin masu shakka a kan kowane irin sani ne, har da sanin cewa wuta tana ƙuna, don haka ita ma kalmar ta ƙanƙance daga yadda take a da.

Na ukun shi ne wanda ya ce tsarin sammai da ƙasa ya isa hujja a kan Mahalicci, amma ya ƙi wahayi da mu'ujiza da annabci. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi a Ingila da Faransa a ƙarni na 17 da na 18, kuma Voltaire, wanda ya rasu a 1778, yana cikin fitattun masu shi. Ya soki coci da zafi, ya kuma yi rubutu yana mayar wa mulhidan zamaninsa martani. Littattafan kalam sun tattauna irin wannan matsayi a ƙarƙashin sunan Barahima, kuma a wajen mayar musu da martani ne aka gina babin tabbatar da annabci.

Akwai abu guda da zan so ka riƙe daga tarihi. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa an yanke wa Sokratis hukuncin kisa a Atina bisa tuhumar da ta haɗa da ƙin yarda da allolin birnin, kuma a daular Rum an riƙa kiran Kiristocin farko marasa allah domin sun ƙi yi wa allolin daula hadaya. Idan ka ga an kira wani da wannan suna a tsohon littafi, sai ka fara binciken wane abin bauta ne ya ƙi, kuma wa ya rubuta labarin.

Tambaya: Malam, ni malama ce mai koyar da darasin addini. Wata ɗaliba ta tambaye ni me ya sa ake kiran masu musanta ƙaddara Ƙadariyya, alhali sunan yana nuna kamar su ne suka fi kowa yarda da ita. Sannan mene ne bambancinsu da Jabariyya?

Amsa: Malama, ɗalibarki ta gano abin da ya dami malamai tun ƙarni na biyu bayan Hijira. Tambayar da ta haifi sunayen biyu ita ce: idan Allah ya san komai kuma ya ƙaddara komai, ta yaya za a kama bawa da laifin abin da ya aikata? Hadisin farko na littafin imani a Sahihu Muslim ya zo da labarin cewa Ma'abad al-Juhani ne ya fara magana a kan ƙaddara a Basra, yana cewa al'amari sabo ne, ba a riga an rubuta shi ba. Bayansa Gailan na Dimashƙu ya ɗauki ra'ayin, aka kashe shi a zamanin halifa Hisham bin Abdulmalik. Maganar tana da ɓangaren siyasa da bai kamata a manta da shi ba, domin wanda ya ce mutum ne mai yin aikinsa ya ce ke nan mai mulki ba zai fake da ƙaddara a kan zaluncinsa ba.

Sunan kuwa abokan hamayya ne suka laƙaba musu, saboda yawan maganarsu a kan ƙaddara ko kuma saboda sun jingina wa bawa ikon ƙaddara aikinsa. Su ba su karɓe shi ba. Akwai ruwaya a Sunan Abi Dawud da ta siffanta Ƙadariyya da Majusawan wannan al'umma, kuma malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancinta, amma ta sa kowane ɓangare yana ƙoƙarin jefa wa ɗayan sunan. Mu'utazilawa, waɗanda suka gaji ra'ayin, sun ce wanda yake jingina komai ga ƙaddara shi ya fi cancantar a kira shi Baƙadare, kuma suna kiran kansu ma'abota adalci da tauhidi.

Jabariyya kishiyar wannan ce, daga jabar, wato tilas. Ana jingina tsantsarta ga Jahm bin Safwan, wanda aka kashe a Marwa a shekara ta 128 bayan Hijira, kuma abin da aka ruwaito daga gare shi shi ne cewa bawa ba shi da wani aiki a haƙiƙa, ana cewa ya yi ne kamar yadda ake cewa rana ta fito ko ruwa ya gudana. Matsalar wannan ra'ayi a bayyane take, domin idan haka ne umarni da hani da lada da azaba duk sun rasa ma'ana.

Al-Ash'ari ya nemi hanya tsakanin biyun da abin da ake kira kasbu: Allah ne mai halittar aikin, bawa kuma shi ne mai tsiwirwirinsa da ikon da aka halitta masa a lokacin aikin. Hujjar da malaman wannan makaranta suke yawan kawowa ita ce kowa yana jin bambanci a jikinsa tsakanin hannun da ke karkarwa saboda ciwo da hannun da mai shi ya ɗaga da gangan. Maturidiyya sun ba zaɓin bawa nauyi fiye da haka. A ganina gaskiya ce a gaya wa ɗalibai cewa kasbu bai rufe muhawarar ba, domin tun da daɗewa masu suka suna cewa tilas ne aka canja wa suna, masu karewa kuma suna cewa shi ne iyakar abin da hankali zai iya faɗa ba tare da ya tauye ikon Allah ko alhakin bawa ba.

Ba Musulmi kaɗai suka yi wannan gardama ba. A Kiristanci Agustin ya yi jayayya da Pelagiyus a kan ko mutum zai iya zaɓar alheri ba tare da alherin Allah na musamman ba, aka yi watsi da ra'ayin Pelagiyus a taron Kartaj na shekarar 418 Miladiyya, sannan maganar ta sake tashi tsakanin mabiya John Calvin da mabiya Arminiyus har aka yi taron Dort a Holan daga 1618 zuwa 1619. A falsafa ma akwai masu cewa kowane abu sakamako ne na sababin da ya gabace shi, kamar masanin lissafi na Faransa Laplace, wanda ya rubuta a 1814 cewa hankalin da ya san matsayin kowane abu da ƙarfin da ke motsa shi a lokaci guda zai san abin da ya wuce da abin da zai zo. Wannan ya bambanta da ra'ayin mai naɗe hannu yana cewa abin da zai faru zai faru ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, domin mai maganar sababi yana lissafa ƙoƙarin mutum cikin sabuban da ke kawo sakamakon.

Tambaya: Malam, mene ne asalin ma'anar zindiƙi? Na ga ana jifan mutane da ita a muhawara.

Amsa: Ɗan'uwa, kalmar ta shigo Larabci ne daga Farisanci, kuma da farko ana nufin mabiya Mani ne da ita, wanda aka haifa a ƙasar Iraƙi ta yau a shekarar 216 Miladiyya, ya koyar da cewa asalin duniya biyu ne, haske da duhu, kowanne dawwamamme. Irin wannan aƙida ta asali biyu ita ce littattafan kalam ke kira sanawiyya. Halifa Mahdi na Abbasiyawa, wanda ya yi mulki daga 775 zuwa 785, ya naɗa jami'i na musamman domin farautar zindiƙai, kuma a zamaninsa aka kashe mawaƙi Bashshar bin Burd da wannan tuhuma, ko da yake marubutan tarihi sun ambaci cewa zambon da ya yi wa halifa da wazirinsa yana cikin dalilan. Daga baya malaman fiƙihu suka ba kalmar ma'anar wanda yake ɓoye kafirci yana bayyana Musulunci. Da wannan ma'ana tuhuma ce a kan abin da ke cikin zuciya, wanda mai muhawara ba shi da hanyar saninsa, kuma mutumin da ya fito fili ya faɗi ra'ayinsa, ko da ra'ayin kuskure ne, bai ɓoye komai ba.

Tambaya: Malam, shin wahdatul wujud ita ce aƙidar cewa komai Allah ne? Kuma ɗaya take da hululi?

Amsa: 'Yar'uwa, abubuwa huɗu ne ake cakuɗawa a nan, kuma ya fi kyau a ware su kafin a shiga saɓanin. Hululi shi ne cewa Allah ya sauka cikin wani abin halitta ya zauna a cikinsa. Ittihadi shi ne cewa abubuwa biyu, Mahalicci da bawa, sun haɗe sun zama ɗaya. Dukansu biyu suna farawa ne da yarda cewa akwai abubuwa biyu, kuma malaman Musulunci, har da manyan sufaye, sun yi watsi da su. Da irin wannan tuhuma aka danganta sufin nan Hallaj, wanda aka kashe a Bagadaza a shekara ta 309 bayan Hijira.

Na uku shi ne ra'ayin cewa Allah da duniya abu guda ne, babu wani Mahalicci da ya wuce halitta. A Turai ana jingina shi ga Spinoza, wanda al'ummar Yahudawan Amsterdam ta kora daga cikinta a 1656, kuma ya koyar da cewa zati ɗaya ne tak ke akwai, wanda za a iya kira Allah ko a kira shi ɗabi'a. An daɗe ana kiransa mulhidi bayan mutuwarsa a 1677, sai ga mawaƙin Jamus Novalis daga baya yana siffanta shi da mutumin da tunanin Allah ya bugar, alhali littafi ɗaya duk suka karanta.

Na huɗu ita ce wahdatul wujud, wadda ake jinginawa ga Ibn Arabi, haifaffen Mursiya ta Andalus a 1165 Miladiyya, wanda ya rasu a Dimashƙu a 1240. Masu nazarin rubuce-rubucensa sun lura cewa shi kansa bai ɗauki wannan lafazi a matsayin sunan koyarwarsa ba. Mabiya makarantarsa da masu sukarsa, musamman Ibn Taimiyya wanda ya rasu a 1328, su suka yaɗa shi. Masu kare shi suna cewa manufar ita ce samuwa ta haƙiƙa, wadda ba ta dogara da komai ba, ta Allah ce shi kaɗai, halittu kuwa samuwarsu aro ce, don haka maganar ba ta ce dutse ko itace Allah ne ba. Masu sukarsa suna cewa ko da haka ake nufi, lafuzzan sun share iyakar da ke tsakanin Mahalicci da abin halitta. A Indiya Shehu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, ya kawo wata mafita da ake kira wahdatush shuhud, wato kaɗaitar tana cikin ganin mai suluki, wato mai bin hanyar sufanci, ne a lokacin da ya shagala da Allah har bai ga waninsa ba, amma halitta tana nan daban a haƙiƙa. Amsar tambayarki ke nan ta dogara da wanda kike karantawa, sai dai hululi ba ya cikin ma'anarta a wajen masu ita, domin wanda ya ce samuwa ɗaya ce ba shi da wani abu na biyu da za a sauka a cikinsa.

Tambaya: Malam, idan aka ce ƙasa sekula ce, ana nufin ba ta yarda da Allah ba ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, ba haka ake nufi ba. Kalmar tana magana ne a kan dangantakar hukuma da addini, ba a kan samuwar Allah ba, kuma asalinta na Latin yana nufin zamani ko duniyar nan. A cocin Katolika ma limamin da ke aiki cikin jama'a, ba a gidan ruhubanawa ba, da wannan kalma ake siffanta shi. George Holyoake na Ingila ne ya mai da ita sunan aƙida a 1851. Abin da ke rikitar da mutane shi ne ƙasashen da ke amfani da tsarin ba su yi masa fahimta ɗaya ba. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya hana majalisar tarayya kafa addinin hukuma, ya kuma hana ta tauye 'yancin yin addini, kuma hakan bai hana addini ƙarfi a rayuwar jama'ar ƙasar ba. Faransa ta yi dokar raba coci da hukuma a 1905 bayan doguwar rigima da cocin Katolika, shi ya sa nata salon ya fi tsanani wajen nisantar da alamomin addini daga makarantun gwamnati. Turkiyya ta cire Musulunci daga matsayin addinin hukuma a 1928, amma ta riƙe hukumar kula da harkokin addini wadda ke naɗa limamai, wanda ya fi kama da mallake addini fiye da rabuwa da shi. Indiya ta saka kalmar a gabatarwar tsarin mulkinta a 1976 da ma'anar daidaita addinai a gaban hukuma. Ingila kuwa tana da cocin hukuma wanda sarki ke shugabanta, da bishof-bishof a majalisar dattawanta, duk da cewa masu zuwa coci sun ragu ƙwarai. Hukumar da ta ɗauki mulhidanci aƙida abu ne dabam, kuma misalinta shi ne Albaniya, wadda ta rufe masallatai da coci-coci baki ɗaya a 1967. Ko tsarin raba addini da mulki ya dace da koyarwar wani addini tambaya ce mai zaman kanta da malamai suka yi ta gardama a kai, amma gardamar ba za ta yi ma'ana ba sai an faɗi wane salo ake nufi.

Tambaya: Malam, wani abokina yana kiran duk wanda ya kawo hujjar hankali a maganar addini Bamu'utazile. Haka abin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, da haka ne da Ash'ari da Maturidi da Gazali duk sun shiga ciki, alhali da hujjar hankali suka yaƙi Mu'utazila. Sunan yana nufin waɗanda suka keɓe, kuma labarin da ya shahara shi ne Wasil bin Aɗa'u ya tashi daga majalisin Hasanul Basri a kan hukuncin mai babban zunubi, yana cewa ba mumini ba ne kuma ba kafiri ba ne. Makarantar tana da ginshiƙai biyar: tauhidi da ma'anar kore siffofi masu zaman kansu daga zatin Allah, wanda ya kai su ga cewa Alƙur'ani halitta ne, adalci, tabbatar alkawari da narko, matsayi tsakanin matsayi biyu, da umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. Malaminsu Al-Hayyaɗ ya faɗa a sarari cewa babu wanda ya cancanci sunan sai ya haɗa biyar ɗin.

Su kuma masu yabon Mu'utazila a matsayin jagororin 'yancin tunani sun yi irin wannan gajarta labari ta ɗaya ɓangaren, domin a shekara ta 218 bayan Hijira halifa Ma'amun ya fara tilasta wa alƙalai da malaman hadisi faɗin cewa Alƙur'ani halitta ne, aka ɗaure Ahmad bin Hanbal aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim, kuma babban alƙali Ibn Abi Du'ad, mai wannan ra'ayi, yana cikin masu tafiyar da tuhumar har halifa Mutawakkil ya kawo ƙarshenta.

Haka nan kada a haɗa su da makarantar hankali ta falsafar Turai, ta Descartes da Leibniz, domin tambayar waɗancan ita ce ko ilimi yana fitowa daga hankali ne ko daga gani da ji da taɓawa, kuma abokan gardamarsu su ne John Locke da David Hume, ba malaman hadisi ba. Mu'utazilawa mutane ne masu karɓar wahayi suna fassara shi, kuma tafsirin Zamakhshari, wanda ya rasu a 538 bayan Hijira, malaman Ahlus Sunna sun ci gaba da karanta shi saboda zurfinsa a balaga, suna rubuta masa hashiyoyi, wato sharhin gefen littafi, masu nuna wuraren da aƙidarsa ta shiga cikin fassarar.